Daga Takarda zuwa Allon Lantarki: Abin da Mai Zane Yake Sayarwa

Mai zanen da ya saba da fensir da gawayi da tawada, idan ya ƙudura komawa zane da na'ura, abin da ya fi tayar masa da hankali yawanci shi ne tsadar kayan aiki da wuyar koyon manhaja, alhali kuwa abin da ake gani a cikin sana'ar shi ne waɗannan biyun sukan zo da sauƙi bayan ɗan lokaci, asarar da ta fi ciwo a wajen ciniki take faruwa. Dalili kuwa shi ne zanen takarda abu ne guda ɗaya tilo, wanda idan ya bar hannun mai shi ya koma hannun mai saye to ciniki ya ƙare, amma zanen na'ura fayil ne, wato bayanai da aka adana a kwamfuta ko waya, ana iya kwafarsa sau dubu ba tare da kwafi ya bambanta da asali ba ko da ɗigo ɗaya. Saboda haka wanda ya koma wannan fage ya daina sayar da takarda da fenti, ya koma sayar da lokacinsa da kuma izinin amfani da aikinsa, kuma duk wanda bai gane wannan da wuri ba zai yi ta aiki wasu suna cin riba.

Batun kayan aiki ba ya buƙatar dogon bayani. Allon zane na lantarki iri biyu ne: akwai wanda ba shi da fuska, hannu yana zane a kansa ido kuma yana kallon kwamfuta, akwai kuma mai fuska wanda layi yake fitowa daidai inda bakin alƙalami ya taɓa. Na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya wadatar da mai farawa, duk da cewa raba ido da hannu yana ba da wahala a kwanakin farko. Kamfanin Wacom na Japan ne ya daɗe yana jan ragamar wannan kasuwa, kafin Huion da XP-Pen na ƙasar Sin su shigo da masu sauƙin kuɗi, waɗanda alƙalumansu da yawa suke rarrabe nauyin danna hannu har mataki 8192, wato layi ya yi kauri ko siriri gwargwadon yadda aka danna. Ta fuskar manhaja, Photoshop, wadda ta fito a 1990, ana biyan kuɗinta ne wata-wata, abin da ya ƙara nauyi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Procreate, wadda ta fito a 2011, sau ɗaya ake sayenta amma a iPad take aiki. Krita kuwa kyauta ce gaba ɗaya, ibisPaint kuma tana aiki a wayar hannu. Babu hujjar da za ta sa mai farawa ya ci bashi don na'ura mai tsada kafin ya sami mai ba shi aiki.

Abin da ya koya a takarda ba ya tashi a banza. Sanin daidaiton gaɓoɓin jiki, da inda haske yake faɗuwa da inda inuwa take kwanciya, da yadda abu yake ƙanƙancewa idan ya yi nisa, duk ido da hannu ne suke riƙe da su, kuma babu manhajar da take ba da su ga wanda ba shi da su. Sabon abin da zai koya shi ne aiki falle-falle, wato manhaja tana ba shi damar ɗora zane bisa zane a kan shafuka masu garai-garai, layin fensir a falle ɗaya, launi a wani, inuwa a wani, rubutu a wani, ta yadda za a canza launin riga ba tare da an taɓa fuska ba. Akwai kuma maɓallin janye kuskure, wanda alherinsa yake tafe da illa, domin mai zanen da ya saba goge layi sau ashirin kafin ya yarda da ɗaya yakan rasa ƙarfin halin da tawada ta koya masa. Shi ya sa ya fi dacewa littafin zane na takarda ya ci gaba da zama a aljihu, a fara tsara aiki a cikinsa, sannan a ɗauki hotonsa a ƙarasa a na'ura.

Kurakuran da suka fi jawo rigima da maɗaba'a guda biyu ne, kuma dukkansu tun daga buɗe sabon shafi ake yin su. Na farko shi ne girman shafi: hoton na'ura an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu launi da ake kira fiksel, kuma ɗab'i mai kyau yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wanda ke nufin zanen da za a buga a takardar A4 ya zama yana da faɗin fiksel 2480 da tsawon 3508. Wanda ya yi zane a ƙaramin shafi ya zo ya buɗa shi daga baya zai ga layukansa sun yi dishi-dishi, kuma ba shi da magani sai sake aiki. Na biyu shi ne launi: fuskar waya tana haɗa launuka da haske ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, injin ɗab'i kuwa yana haɗa su da tawada huɗu, tsarin CMYK, don haka shuɗi da kore masu ƙyalli da suka burge mai oda a waya sukan fito a takarda sun dushe. Ga mai yi wa marubutan Hausa bangon littafi akwai ƙari na uku, domin salon haruffa da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, kuma abin takaici ne a ga bango mai kyau an rubuta sunan littafin da baƙaƙen da suka canza ma'anarsa.

Sai batun aikin oda, wato mutum ya nemi a zana masa wani abu na musamman, hoton iyali ne, ko tambarin shago, ko bangon littafi, ko katin biki. A nan tela ya riga mai zane wayewa, domin tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna, an yi ciniki, an ba shi wani abu a hannu. Ƙa'idar da ta fi kare ɓangarorin biyu ita ce a karɓi kafin alƙalami, galibi rabin kuɗin, kafin a ja layin farko, sannan a rubuta sharuɗɗa ko da a saƙon waya ne: girman zanen, da ranar kammalawa, da yawan gyaran da kuɗin ya ƙunsa, da inda za a yi amfani da shi. Batun gyara ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa sun ɗauka tunda na'ura ce gyara ba ya cin komai, sai su yi ta cewa a ɗan taɓa nan a ɗan canza can har aikin kwana uku ya cinye mako uku. Hanyar da ta fi ita ce a nuna wa mai oda zanen tun yana matakin fensir, ya yi duk gyaran da yake so sau biyu ko uku kamar yadda aka amince, bayan an sa launi kuwa duk wani babban canji ya zama sabon ciniki. Idan aiki ya kammala, ƙaramin kwafi ake fara turawa, wanda aka shimfiɗa sunan mai zane a tsakiyarsa, cikakken fayil kuma sai ciko ya shigo. Shigowar ciko ana tabbatar da ita ne a cikin asusun banki, domin alat na bogi da hoton rasit na ƙarya sun ci mutane da yawa, haka nan duk wanda ya ce ya turo kuɗi fiye da kima bisa kuskure a mayar masa da ragowa, to zamba ce sananniya. Cikakken fayil kuma a tura shi ta WhatsApp a matsayin takarda, ko ta imel, domin turawa a matsayin hoto tana matse shi ta rage ingancinsa.

Inda masu zane suka fi cutar da kansu shi ne haƙƙin mallaka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ajiye haƙƙin aiki tun farko a hannun wanda ya ƙirƙire shi, ta kuma shardanta cewa miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce, sannan kariyar zane tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ma'anar wannan a aikace ita ce wanda ya biya a zana masa hoto don ya rataya a falonsa bai sayi izinin buga shi a riguna dubu yana sayarwa ba, kuma kuɗin amfanin gida daban, kuɗin amfanin kasuwanci daban, kuɗin sallama haƙƙi gaba ɗaya kuwa shi ya fi duka tsada. Haka ma asalin fayil mai falle-falle, wanda da shi kowa zai iya sarrafa zanen yadda ya ga dama, ba a haɗa shi cikin ciniki sai an biya kuɗinsa na musamman. Wannan ba rowa ba ce, domin mai shagon da ya sayi tambari zai ci moriyarsa shekaru masu yawa, adalci ne kuɗin ya nuna haka.

Wajen sa farashi, mai zane ya lissafa sa'o'in aiki, da kuɗin data, da man janareta ko cajin na'ura, da tanadin sayen wata idan wannan ta lalace. Wanda yake neman aiki daga ƙasashen waje ta Fiverr ya tuna cewa dandalin yana cire la'adar kashi 20 cikin ɗari, ban da abin da za a cire wajen shigo da kuɗin gida. Karya farashi don a samu shiga yana da tsada daga baya, domin wanda ya saba samun aiki da arha ba ya karɓar ƙari cikin daɗin rai, kuma yana lalata kasuwar sauran abokan sana'a.

Tun daga 2022, lokacin da Midjourney da Stable Diffusion suka bazu, kowa yana iya rubuta 'yan kalmomi manhaja ta fitar masa da hoto, kuma babu amfanin ɓoye cewa wannan ya janye wani kaso na ƙananan ayyuka, kamar yadda injinan buga fosta suka janye aikin masu rubuta allunan shaguna da burushi. Sai dai waɗannan manhajoji sukan yi kwamacala idan aka zo ga kayan ƙasar Hausa, su cakuɗa hula da hula, su kasa naɗa rawani mai kunne biyu irin na 'ya'yan sarauta, su ɓata aska takwas a ƙirjin babbar riga, su mayar da dagi wani ƙulli marar asali. Mai zanen da ya tashi yana ganin zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram, da zayyanar allon sauka, da ƙunshin amare, yana riƙe da jarin da ya kamata ya ɗauko ya shigar cikin na'ura, kamar yadda Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi lokacin da suka kafa ƙungiyarsu ta ɗaliban zane a Zariya a 1958, suka dage a kan haɗa dabarun da ake koya musu da salon zanen al'ummominsu. Wanda kuma yake kauce wa zana masu rai saboda addini yana da fage mai faɗi a zayyana da rubutun ado da tambura da zanen atamfa. Tunda masu oda sun fara tambaya ko hannu ne ya yi aikin ko manhaja, ya zama wajibi mai zane ya riƙa adana zanen fensir na farko da asalin fayil da bidiyon matakan aiki, wanda Procreate da ibisPaint suke ɗauka da kansu, ya kuma ajiye kwafinsu a wuri biyu daban, domin su ne shaidarsa ranar da wani ya ɗauki aikin ya ce nasa ne.