DARASI NA 14: SAKE WA KWAMFUTA JINKA

Kowa ya san yadda ake sake jinkar ɗaki. Kafin a yaye tsohuwar ciyawa, sai a fitar da kaya waje. Ba a fara aikin ran da hadari ya haɗo. To, haka sha'anin kwamfuta yake.

A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja, watau tsarin da ke tafiyar da dukan aikinta. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. A 2021 suka fito da Windows 11. Ran 14 ga Oktoba 2025 kuma suka daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Shi ya sa mutane da yawa suke sauyawa.

Wani saurayi ɗan Jama'a yana da shago a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. Yana buga wa ɗalibai takardu. Wata rana ya fara sauya manhaja. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batir kuwa ya mutu. Da ya kunna ta, sai ta ƙi buɗewa. Ga aikin ɗalibai duk yana ciki, bai kwafe ba.

Abokinsa ya ce, "Kai ta Sabon Gari a goge kome, a zuba sabo." Da ya yi haka, da aikin mutane ya salwanta, da amanarsa. Amma ya yi haƙuri. Ga abin da ya yi:

1. Ya jira wuta ta dawo, batir ya cika.
2. Ya cire firinta da filas da duk abin da ke jone.
3. Ya kunna ta. Ta kāsa tashi sau biyu. A na uku shafin gyara ya fito da kansa.
4. A shafin nan ya zaɓi a cire sabon abin da aka zuba. Tsohuwar manhaja ta komo, takardu suna nan.

Nan da nan ya kwafe su a filas.

Abu uku ne suka fi kawo wannan matsala: ɗaukewar wuta, ƙarancin wuri, da tsufan kwamfuta. Windows 11 tana bukatar ma'aji mai gigabait 64 ko fiye. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su ɗaukarta. Kada a tilasta musu. Jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi.

In an sauya lafiya amma sabuwar ba ta yi maka ba, kana da kwana 10 na komawa ga tsohuwar. In gyara ya gagare ka, kai wa mai gyara, amma ka ce masa, "Malam, kwafe mini takarduna tukuna."

Jama'a, ku faɗa wa 'ya'yanku: a fitar da kaya kafin a yaye jinka.

TAMBAYOYI

1. Me ake yi kafin a sauya manhaja?
2. Me ya sa saurayin ya ƙi shawarar abokinsa?
3. Rubuta abu uku da ke kawo matsalar.