Kabad ɗin Kicin: A Gyara ko a Sake Sabo?

Tambaya: Anti, ƙofofin kabad ɗin kicina sun kumbura, fentinsu ya ɓare. Maigida ya ce a cire duka a sa sabo, ni kuwa kuɗin nake ji. Mene ne shawararki? Uwargida daga Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ku kira kafinta, ki kwashe tukwane ki leƙa ciki, musamman ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Danna katakon da yatsa. In ya yi tauri, babu garin gara a lungu, to gangar jikin lafiya lau take. Ƙofofi da mariƙai kawai za a canza, kuɗin ma ya fi sauƙi sosai.

Amma in katakon ya lotsa, ko kika ji warin danshi, maigida ya yi gaskiya. Katakon MDF in ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake, kuma sabuwar ƙofa ba za ta zauna a jikinsa ba. Sai dai sau da yawa ɓangare ɗaya ne ya lalace, shi kaɗai za a sake.

In ruwa na yoyo a wurin wanke-wanke, ki fara sa mai gyaran famfo ya toshe yoyon. Kuma kada ki biya kafinta kuɗinsa duka sai ya gama aiki.