Darasin Wannan Wata: Yadda Za a Rage Gansakuka a Ramin Kifi da Kududdufin Bayan Gida

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, haka kuma ba ya yin kore banza. Duk wanda ya zaga Jama'a da Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, ko Gude da Garo a ƙasar Kabo, daga ƙarshen damina zuwa bazara, zai ga kududdufai da yawa sun rufe da gansakuka. Wasu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne ruwan sama ya cika su. Wasu kuma da gangan aka haƙa su a bayan gida ko a gefen lambu, don ban-ruwa ko kiwon kifi. Akwai kuma masu tankin siminti da na tamfol a tsakar gida. Madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, da kuma na Challawa da ke Ƙaraye wanda aka gama a 1992, sun sa jama'ar wannan yanki sun saba da kifi da aikin lambu, har mutum yakan so ya sami nasa ɗan ruwan kusa da gida. Amma da yawa sukan fara da murna, bayan wata biyu ruwan ya yi kauri yana wari, wata safiya a tarar da kifi sun juya ciki sama.

Mece ce gansakuka?

Gansakuka tsiro ce, sai dai ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Irinta yana cikin kowane ruwa, iska da tsuntsaye ma suna kawo shi, saboda haka ba wanda zai iya hana ta shiga raminsa. Abin da take bukata ta yaɗu uku ne: hasken rana, da ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu, da kuma abinci. Rana da zafi kam Allah ya hore mana su. Abincin shi ne a hannunmu.

Mene ne abincinta? Manomi ya san shi sarai. Dubi buhun takin kamfa, za ka ga an rubuta NPK. Harafin N yana nufin naitirojin, wanda shi ne ƙarfin takin yuriya. Harafin P yana nufin fosfaras, wanda shi ne ƙarfin takin supa. Abin da ke sa masara ta yi kore shar a gona, shi ne ke sa ruwa ya yi kore. Waɗannan sinadarai biyu suna cikin kashin kaji da na agwagi, da kashin shanu, da fitsari, da ruwan wanke-wanke, da ragowar abincin kifi, da kashin kifin kansa. Wasu garin sabulun wanki ma suna da fosfaras. Ashe ke nan in ruwanka ya yi kore fiye da kima, taki ne ya yi masa yawa, ko da kuwa ba ka taɓa zuba masa taki da hannunka ba.

Ba kowane kore ne abin gudu ba

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna so ruwan kifi ya yi garau kamar na randa. Ba haka ake so ba. Akwai gansakuka mai laushi ƙwarai, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta, sai dai ka ga ruwan ya yi kore-kore. Wannan abincin karfasa ce, kuma da rana tana sakin iskar oksijin, wato iskar da kifi da mutum suke shaƙa su rayu. Mai kiwon karfasa ma har ɗan taki yakan sa don ruwan ya yi irin wannan launi. A ƙasar Chadi kuwa, matan Kanembu sun daɗe suna tace wata irin gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta, a yi miya da ita, suna kiranta dihe. Wannan iri ne na musamman, kada wani ya ji haka ya gwada da ta kududdufin gidansa.

Iri na biyu ita ce mai zare-zare, mai santsi, wadda ke taruwa kamar tabarma a gefen ruwa. Ba ta da dafi, amma tana sarƙe ƙananan kifi, kuma tsutsar sauro tana ɓuya a cikinta inda kifi ba zai kai gare ta ba.

Iri na uku ita ce abin tsoro. Takan taso saman ruwa kamar an zubar da koren fenti, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi, iska ta tara ta gefe guda, tana wari. In ka sa sanda ka ɗaga, ba ta biyo sandar kamar zare, sai dai ta shafe ta. Wasu daga cikin wannan iri suna da dafin da ke lalata hanta. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botswana, hukumomin ƙasar suka ce dafin irin wannan gansakuka ne a ruwan da suka sha. A watan Agusta na 2014, a birnin Toledo na Amurka, an hana mutane wajen 400,000 shan ruwan famfo har kwana uku saboda ita. In ka ga wannan alama, kada tumaki da awaki su sha, kada yara su shiga, kada a zuba ruwan a kan salak ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Tafasa ruwan ba ya kashe dafin.

Gwajin hannu

Yaya mutum zai san koren ya isa ko ya wuce? Ba sai da na'ura ba. Da hantsi, ka tsoma hannunka cikin ruwan a miƙe, tafin yana duban sama, ka riƙa nutsar da shi sannu a hankali. In tafin ya ɓace maka daidai lokacin da ruwa ya kusa gwiwar hannu, wato wajen ƙafa 1 ko santimita 30, ruwan yana daidai. In ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu da yawa ba, gansakuka ta yi yawa. A lura, jan ruwan laka na farkon damina ma yana ɓoye hannu, amma wannan daban ne. Kore muke magana.

Dalilin da kifi ke mutuwa da asuba

Da rana gansakuka tana ba ruwa iska. Da dare kuwa sai ta juya tana shan iskar, ita da kifi da ruɓaɓɓen tabon da ke ƙasa, kowa na ja. Kafin asuba iskar ta kusa ƙarewa. Shi ya sa za ka ga karfasa sun taru a saman ruwa da sassafe suna buɗe baki. Abin ya fi muni in aka kwana biyu ana hadari ba rana, kamar yadda ake yi a watan Agusta, ko kuma a tsananin zafin Afrilu, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Tarwaɗa ta fi juriya, don tana iya shaƙar iskar sarari. Tasowarta ta kamɓaci iska ta koma ba komai ba ne, ɗabi'arta ce. Amma in ka gan ta ta tsaya a tsaye a saman ruwa, ta ƙi cin abinci, ruwan ya ɓaci.

Wannan ne kuma ya sa ba mu yarda da zuba magani ba. Akwai masu ɗauko ragowar maganin ciyawa na gona su fesa wa ruwa. Ko da maganin bai kashe kifin kai tsaye ba, gansakukar da ta mutu gaba ɗaya za ta nutse ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar ruwan, kifin ya bi ta. Sa'an nan takin da ke jikinta ya koma cikin ruwan, bayan 'yan makonni wata sabuwa ta taso. An yi hasarar kuɗi, an yi ta kifi, ga guba a ruwan da dabbobi ke sha.

In ka wayi gari kifi na haki, kada ka ba su abinci ran nan. Ɗebi ruwan da bokiti ka riƙa sheƙa shi daga sama, ko ka kunna injin ban-ruwa ya riƙa feso shi yana komawa. In za ka ƙara ruwan rijiya, shi ma ka zubo shi daga sama yana fantsama, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da iska sosai.

A hana ta abinci

Babban maganin ke nan, kuma ba ya cin ko kwabo. Fara da hannunka. Yawancin masu kiwon tarwaɗa suna zuba abinci fiye da kima, wai don kifi ya yi saurin girma. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. In sun rage zafin ci, ka tsaya. Dusa da kayan cikin kaji sun fi komai ɓata ruwa in suka kwana a ciki.

Sa'an nan ka dubi inda ruwan sama ke bi ya shiga ramin. In ya ratso ta turken dabbobi, ko juji, ko makwararar gida, ko gonar da aka sa wa taki, to duk damina taki kake tarawa. Yi wa ramin gaɓa da ƙasa, tsawon kamar kamu ɗaya, ka karkatar da kwatar gida wani wajen. Dasa jema ko gamba a kewaye. Saiwarsu tana riƙe ƙasa, kuma suna tace ruwan kafin ya shiga. A ja wurin wanki da wanke-wanke nesa da bakin ruwa. Agwagi kuma, duk da sha'awar da suke ba mutum a kan ruwa, ƙaramin rami ba ya ɗaukar kashinsu.

Mai tanki ya riƙa zubar da kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na ruwan, daga ƙasa inda dauɗa ta kwanta, ya ƙara sabo. Yawan yin haka ya danganta ga yawan kifin da girmansu. Ruwan da aka fitar kada a sake shi a lungu ya dami maƙwabta, taki ne mai kyau ga ayaba da gwanda da tumatir. Ɗan koren da ke manne a bangon tanki ba ya cutarwa. In ya yi kauri a goge shi da buroshi, ban da sabulu.

A rage mata rana

Rumfar kara ko ta zana a kan sashen ramin tana rage gansakuka ƙwarai, tana kuma sanyaya ruwa a bazara. Tankin tarwaɗa zai iya ɗaukar inuwa rabi ko fiye. Ramin karfasa kuwa kashi ɗaya cikin uku ya isa, tun da ana son ɗan kore. Inuwar bishiya tana da nata aibin: darbejiya da mangwaro suna zubar da ganye, ganyen ya ruɓe ya zama taki. In ramin yana ƙarƙashinsu, sai an riƙa tsame ganyen.

Kainuwa tana aiki biyu a lokaci guda. Tana yin inuwa, saiwarta kuma tana shanye takin da gansakuka za ta ci. Amma kirarinta dashen Allah, in ka sake mata fuska sai ta rufe ruwan duka, ta hana iska shiga, ka gudu daga wata matsala ka faɗa wata. Dabarar ita ce a ɗaure gora ko sanduna huɗu kamar firam, a sa shi ya yi yawo a kan ruwa, a tsare kainuwar a ciki. Alal misali, ramin da tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 9, filinsa ƙafa 108 ke nan. Kashi ɗaya cikin uku shi ne 36, wato firam mai ƙafa 6 kowane gefe. Duk mako a kwashe wadda ta yi yawa a kai ramin takin gargajiya. Kwashewar ita ce aikin, domin da ita takin ke fita daga ruwan. Kafin ka sa kainuwar da ka ɗebo daga wani tafki, ka wanke ta, ka duba saiwar da kyau saboda ƙananan katantanwa, don wasunsu ne ke ɗauke da cutar tsargiya. Wani irin sauro ma yana haihuwa a saiwarta, wannan ma dalili ne na rage ta kullum. Kada kuma a zubar da ita a rafi ko madatsar ruwa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda ciyawar kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Mai zare-zaren nan kuwa ba ta da magani sai manjagara. A jawo ta bakin gaɓa, a bar ta ta tsane, a kai gona. A yi aikin daga waje, ba sai an shiga ruwan ba. Wanda yake da kududdufin ban-ruwa kawai, yana iya sakin 'yan karfasa a ciki su riƙa kiwon koren, su kuma rage tsutsar sauro. Kada dai a haɗa ƙananan karfasa da manyan tarwaɗa, abinci ka kai musu.

A Ingila masu tafkin lambu suna jefa ɗaurin karan sha'ir a ruwa, domin an lura cewa in yana ruɓewa a hankali yana rage tsirowar sabuwar gansakuka. Ba ya kashe wadda ta riga ta fito, yana ɗaukar makonni kafin ya fara aiki, kuma ba ko'ina yake ci ba. Mu ba manoman sha'ir ba ne. An gwada karan shinkafa a ƙasashen Asiya an ga alamar haka. Mai son gwadawa ya sa ɗan kaɗan a buhun albasa mai raga, ya ɗaure shi kusa da saman ruwa. A ganinmu dai kada a dogara da shi, don in ya yi yawa shi ma iskar ruwan zai sha.

Aikin rani

Ramin ƙasa yana tara baƙin tabo a gindinsa, kuma a nan takin shekara da shekaru yake kwance. In ruwa ya janye a watan Maris ko Afrilu, ko an kwashe kifi, a bar gindin ya bushe har ya tsattsage. A kankare baƙin tabon a kai gona, amma kada a haƙa har a fasa yumɓun da ke riƙe ruwa. Kada kuma a tara shi a bakin ramin, ruwan farko zai maido da shi. A gyara gaɓa kafin watan Yuni.

Ga aikin da mai karatu zai yi a wannan wata. Samo sanda, ka ƙusa farin murfin roba a ƙarshenta, ka yi tsaga a inci 6 da inci 12 da inci 18 daga murfin. Duk ranar Juma'a da hantsi ka tsoma ta, ka rubuta inda murfin ya ɓace, da launin ruwan, da yawan abincin da ka ba kifi a makon. In lambar tana raguwa mako biyu a jere, rage abinci, ka canja sashen ruwan, tun kifi bai fara haki ba.