Darasi: Nisan Saitin Bindigar Farauta

Harsashi ba ya tafiya a miƙe. Da zarar ya bar bakin bindiga, nauyinsa zai fara jan shi ƙasa, kuma in nisa ya ƙaru, faɗuwar ma ta ƙaru. Shi ya sa maharbi kan auna kafaɗar gada daga nesa, sai ya ga ƙura ta tashi a gaban ƙafarta.

Wasu bindigogin farauta suna da madubin hange a bisa. Madubin yana sama da bututun bindiga da kamar santimita 4, wato faɗin yatsu biyu. Ido yana kallo a miƙe, bututun kuwa yana ɗan kallon sama, shi ya sa harsashi kan ɗan hau kafin ya sauko. Inda ya gamu da wurin da ido ke kallo, nan ne nisan saiti. Mai bindiga ne ke zaɓarsa.

Maharban Turai sun fi sa saiti a mita 100. Masu farauta a fili fetal sukan kai 200. To, mu fa? Dazukan Faskari da Sabuwa, can wajen iyaka da Zamfara da Birnin Gwari, sarƙaƙiya ce da ciyawa da duwatsu. Da wuya ka hango zomo ko gada daga nesa. In ka kwaikwayi mai farautar fili, harsashinka zai iya bi ta saman nama. Ka sa saiti a nisan da ka saba harbi, kada ka zarce.

Yawancin maharbanmu ma bindigar toka gare su, ba madubi. Ita ba ta da tabbas in an wuce taku 30 ko 40. Wanda ya yi ganganci, sai dai ya ji wa dabba rauni, ta gudu ta mutu a daji mushe, ga asarar albarushi.

Gwadawa ba wuya. Ka jingina kwali a jikin shuri ko tudun ƙasa, domin ƙasar ta tare harsashi. Ka ƙirga taku, ka zauna ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka yi harbi uku. Tsakiyar hudojin nan ita za ta nuna maka inda za ka gyara.

Amma a Ƙanƙara da maƙwabtanta yanzu, ƙarar bindiga ba abin wasa ba ce. Harbi ɗaya yana iya watsa kasuwa. Kafin ka gwada, ka sanar da mai unguwa da Sarkin Baka. Dokar Najeriya ta ce ko bindigar toka ce sai da lasisi daga 'yan sanda, kuma an hana farauta a gandun dajin Kamuku.

Ɗan'uwa, harsashin da ya kuskure yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya. In ba ka ga abin da ke bayan nama ba, kada ka taɓa kunama.