Filin Shawarwari: Tsuguno da ƙarfe ya sa mini ciwon gwiwa

Ni tela ne a Tudun Wada, Zariya, shekaruna 24. Wuni nake a kan keke, shi ya sa na shiga cikin samarin unguwarmu masu ɗaga ƙarfe bayan sallar Asuba. Kayan namu haɗin gida ne: siminti aka zuba a bokitan fenti, aka soka rodi a tsakiya. Nakan saɓa shi a wuya in tsuguna in miƙe, domin ƙirjina ya buɗe amma ƙafafuna na nan kamar sillen kara. Yanzu gwiwata ta dama na suka in zan sauka, ƙuguna kuma ya riƙe, har zaman tahiya yana ba ni wuya. Abokaina sun ce in daure, ciwon alamar aiki ne. In ci gaba ko in bari?

Ƙaninka, daga Tudun Wada.

Amsa: Ciwo iri biyu ne. Akwai tsamin jiki a naman cinya da mazaunai, wanda kan zo washegari ya wuce cikin 'yan kwanaki. Wannan ba komai. Suka a cikin gaɓa kuwa gargaɗi ne, ba a daure masa.

Ka ajiye rodin nan tukuna. Babu wanda ya san nauyinsa, da wuya kuma ɓangarorinsa biyu su zo daidai, sai gwiwa ɗaya ta riƙa ɗaukar kayan 'yar'uwarta. Ko ƙarfen kirki ma a naman kafaɗa yake zama, ƙasa da ƙashin wuya.

In sukan ya lafa, ka nemi jarka mai lita 10, ka zuba mata ruwa daidai ƙarfinka. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, ka ga ka san abin da ka ɗauka. Rungume ta a ƙirji da hannu biyu, ka ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Ja numfashi, ɗaure ciki, sannan ka sauka a hankali kamar za ka zauna tsakanin ƙafafunka. Diddige kada ya bar ƙasa, gwiwa ta bi inda yatsu suka fuskanta, kada ta karkato ciki lokacin tashi. Amfanin nauyi a gaba shi ne yana tilasta wa baya ya miƙe, ƙugu ya huta. Da farko ka sa benci a bayanka, kana taɓa shi ka tashi. Mu da muka saba da tsuguno wajen alwala, sauka ƙasa ba ta ba mu wuya. Gaggawar ƙara kaya ce ke yi mana illa.

Yi sau 8 zuwa 12, ka huta, ka maimaita har zubi uku, kwana biyu a mako da hutu a tsakani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ma kwana biyu ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga ƙarfafa tsoka. Idan ya zame maka wasa, ƙara lita ɗaya ko biyu.

Ina roƙonka, kada ka sha tiramol ko wani maganin kashe ciwo don ka iya atisaye. Idan gwiwar ta kumbura, ko tana cijewa, ko ciwon ƙugun yana sauka ƙafa da mutuwar jiki, ka tafi Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika likita ya duba ka kafin ka sake ɗaukar ko kilo ɗaya. Allah Ya ba ka lafiya.