Kafin Ka Hau Dandamali da Waƙa a Bakinka

Yawancin matasan da ke zuwa wurina suna neman in saka su a wasa, waƙar fim ce a ransu. Sun ga jarumi yana taka rawa a bakin ruwa, murya na fita garau, ko ɗigon gumi babu a goshinsa. Abin da da yawansu ba su lura da shi ba, galibi muryar nan ta wani ce. Mawaƙi ya rera ta a situdiyo yana tsaye gaban makirufo, shi jarumi baki kawai yake motsawa, in ya kuskure darakta ya ce a sake. Tamu sana'ar ba haka take ba. Ni ɗan wasan dandamali ne, irin wasan da ake jan labarinsa da waƙa da rawa, kuma ina ba da umarni, ina tsara sutura da kayan dandamali. A wurinmu mai rawar shi ne mai waƙar, lokaci guda, a gaban mutanen da suka biya kuɗin shiga, kuma ba a cewa a sake.

Haɗa ayyukan nan uku a hannun mutum ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Hubert Ogunde, wanda ya kafa ƙungiyarsa a shekarun 1940 kuma ya rasu a 1990, shi ke rubuta labari, ya tsara waƙa, ya koya wa 'yan wasa, sannan ya fito a gaba. Duro Ladipo shi ya tsara wasan Oba Koso a 1963, shi kuma ya fito a matsayin Shango, jarumin wasan. Mu ma nan gida, duk yaron da ya taɓa yin tashe da azumi ya san aikin: shi ya manna gemun auduga, shi ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, shi ya ce wa abokansa wane ya tsaya nan, wane ya yi amshi, kuma shi ya ba da waƙar. Bambancin kawai, a dandamali akwai kuɗin mutane, akwai wutar lantarki, akwai kuma jikin da za ka nema gobe da jibi.

Ra'ayina, wanda na daɗe ina faɗa wa abokan aiki, shi ne kada a bar mutum ya tsara sutura ko dandamalin irin wannan wasa sai ya taɓa rera waƙa yana rawa, ko da sau ɗaya ne. Dalili kuwa numfashi. Mai waƙa daga ciki yake jawo iska, haƙarƙarinsa na buɗewa, cikinsa na tasowa. Ka ba shi ɗamarar da ta matse masa ƙasan haƙarƙari don ta yi kyau a ido, ka rage masa iskar da zai kai ƙarshen baiti. Daga kujerar 'yan kallo ba a ganin haka, sai dai a ce muryarsa ba ta da ƙarfi.

Ɗauki babbar riga. A wasan sarauta kowa so yake ya ga sarki cikin shadda mai maiƙo, an cika ta da aiki tun daga wuya har aljihu. Da gaske tana da kyau, amma mai sanye da ita zai juya, ya durƙusa, ya miƙe, ya ɗaga hannu, duk a ƙarƙashin fitilun da ke hura masa zafi. Kafin a kai rabin wasa ta sha gumi ta ƙara nauyi. Abin da nake yi, nakan sa tela ya ɗinka ta da yadi mara nauyi, a zana aikin da fenti ko a manna shi, a kuma ɗan kama hannun rigar daga kafaɗa da zare don kada ɗan wasa ya yi ta fama da naɗe ta. Mai zaune a layi na biyar ba zai bambance ta da ta gaske ba. Rawani ma haka. In an sa wa mutum ƙaramin makirufo a kumatu, amawali na gogarsa, duk motsin da ya yi sai lasifika ta yi ƙara kamar ana yaga takarda. Ko dai a sauke amawalin ƙasa da haɓa, ko a maida makirufon goshi a ɓoye shi cikin naɗin.

Sai ƙasa. Yawancin ɗakunan taron da muke samu daɓen siminti ne ko tayil, an gina su don jawabi da biki. Mai rawa da ke dira a kan siminti kullum, gwiwarsa da ƙwaurinsa da bayansa ne ke biyan bashin, ba a ranar ba, sai bayan shekaru. Shi ya sa abu na farko da nake nema a kasafin kuɗi, kafin labule da ado, shi ne kafinta ya shimfiɗa katako a kan sanduna, ya bar ɗan fili a ƙarƙashi yadda zai riƙa lotsawa kaɗan. In akwai matakala, tsayin kowane mataki ya zama ɗaya da na ɗan'uwansa, domin mai waƙa 'yan kallo yake duba, ƙafarsa ce kaɗai ke ƙirga. Fitila kuma a gwada ta a kan fatar ɗan wasan da kansa. Shuɗiya ko koriya ita kaɗai kan sa baƙar fata ta yi fururu kamar toka, farar riga kuwa in haske ya yi mata yawa sai ta haɗiye fuskar mai ita.

Wadda ta fi nuna wa duniya amfanin haɗa ayyukan nan ita ce Julie Taymor, Ba'amurkiya. A matsayin 'yar wasa ta fara, ta koyi kwaikwayo da motsin jiki a Faris, ta yi shekaru a Indunusiya cikin masu wasan fuskokin sassaƙa da 'yartsana. Da aka ba ta wasan The Lion King, wanda aka buɗe a 1997, ita ta ba da umarni, ita ta tsara sutura. Maimakon ta rufe fuskar ɗan wasa da ta zaki, sai ta ɗora ta zakin a saman kansa, fuskar mutum ta zauna a buɗe, ana ganin fushinsa da murnarsa, bakinsa kuma babu abin da ya tare shi. A 1998 ta karɓi kyautar Tony ta ba da umarni, mace ta farko da ta same ta a wasan waƙa, ta kuma haɗa da ta sutura. A gida ma muna da Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a Zariya kafin ya je Faransa ya koyi tsara dandamali, kuma shi ya tsara kayan wasan Palmwine Drinkard na Kola Ogunmola a Ibadan a 1963. Wanda ya taɓa shiga gidan wasan kwaikwayon Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, ya san ginin kansa na koya wa ɗan wasa inda zai tsaya.

To amma akwai haɗari, kuma shi ne ya sa na yi wannan rubutu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Duk ranar da kake kan dandamali, ba ka ganin wasan. Kana jin shi ne daga ciki, kuma jin nan yakan yaudari mutum. Na sha zama a wasannin da darakta shi ne jarumi, sai ka ga duk waƙa mai daɗi tasa ce, haske na bin sa, sauran 'yan wasa sun koma 'yan rakiya, kuma babu mai iya gaya masa fitowarsa ta yi tsawo, tunda shi ke biyan kowa. Lin-Manuel Miranda shi ya rubuta wasan Hamilton na 2015 ya kuma fito a jarumi, amma ba da umarni sai ya bar wa Thomas Kail. In dole ta sa ka riƙe duka, kamar yadda rashin kuɗi ke sa mu, to ka gama zane da ɗinki kafin a shiga makonnin ƙarshe na atisaye. Ka sa wani ya riƙa tsaya maka a matsayinka, kai ka koma baya ka kalla. Ka kuma naɗa mutum ɗaya mai ido, ka ba shi izini a gaban kowa ya tsayar da kai.

Maganar murya ba zan tsawaita ba. Darakta na yini yana ɗaga murya a kan makaɗa, da dare kuma ya ce zai yi waƙa da wannan maƙogwaron. Ka nemi makirufo ko usur. Da hunturu ka yawaita shan ruwa, ka yayyafa wa ɗakin atisaye ruwa kafin a share. In murya ta dishe, a huta mata gaba ɗaya, domin raɗa ma wahalar da ita take yi. In dishewar ta wuce mako biyu zuwa uku, a je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Citta da zuma na sanyaya wuya, amma ba sa duba abin da ke ciki.

Kuɗi kuma, nan ne ake cin mu da daɗin baki. Wani mai shirya biki ya taɓa ce mini, "Malam, ai duk kai ne, sai mu yi jimla." Jimlar nan kuwa kuɗin aiki ɗaya ce aka yi wa suna uku. A rubuta kowane aiki da farashinsa a takarda, a faɗi wanda zai sayi yadi da katako, a faɗi wanda ya mallaki waƙoƙi da zane bayan an tashi, da ko an yarda a ɗauki bidiyo a sa a YouTube. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi haƙƙin mai wasa, sai dai kafa hujja na da wuya ga wanda ba shi da komai a rubuce. Kasuwa kuwa akwai ta. Bolanle Austen-Peters ta nuna haka a Legas da wasan Saro a 2013, ta kuma kai wasan Wakaa Landan a 2016. Mu da muke da kalangu da gurmi da tarihin Kano da Katsina da Damagaram, labari bai yi mana ƙaranci ba. Masu sanin aikin bayan labule ne suka yi mana kaɗan.

Saboda haka ƙanena, ƙanwata, in za ku zo neman wasa, ku zo da shirin yin wasa ɗaya cur a bayan labule tukuna. Ku riƙe wa kafinta guduma, ku raka tela kasuwa, ku zauna kusa da mai fitila ku ga yadda yake ƙirga kiɗa. Iyaye kuma da ke jin tsoron sana'ar, ina roƙonku ku zo atisaye da rana ku ga abin da ake yi da idonku kafin ku yanke hukunci.