Abincin Yaro Bayan Allurar Rigakafi

Ya ku 'yan'uwa da ku ke sabon shiga cikin bin Almasihu, wadansu cikinku sun tambaya ko akwai abincin da ya haramta ga yaro bayan an yi masa rigakafi. Babu ko ɗaya. Tsofaffi su kan ce a hana shi ƙwai da nama har hannun ya warke, amma wannan al'ada ce kurum, kuma ta kan ramar da yaro a lokacin da jikinsa ke bukatar ƙarfi. Ku tuna, a cikin Markus sura 5, sa'ad da Ubangijinmu ya ta da 'yar Yayirus, ya umarta a ba ta abinci.

Jariri wanda bai kai wata 6 ba, nonon uwarsa ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Kadan jikinsa ya yi zafi kwana ɗaya ko biyu, sai ta yawaita ba shi mama. Wanda ya fi wannan girma, a ba shi kunu da abin da ya saba ci, kaɗan kaɗan. Allurar ƙyanda, wadda a ke yi a wata 9, zazzaɓinta ya kan jinkirta har mako guda ko fiye. Ƙurjin da allurar tarin fuka ke fitarwa a dantse kuwa, kada a sa masa toka ko kashin shanu. Zai warke da kansa ya bar tabo.

Amma ga inda hatsarin ya ke. Allurar ƙyanda ba ta tsarkake ruwan tafki. Uwa ta kan dawo daga asibiti ta ba yaro tuwon jiya da ƙudaje suka sauka a kai, ya kama zawo, sa'an nan ta ce allura ce. Maƙwabciyarta ta ji, ta ɓoye nata ɗan, ƙyanda ta zo da bazara ta ɗauke shi. Wannan shaidar zur ce, ko da ba da nufi aka yi ta ba, gama an ɗora laifi a kan abin da Allah ya yi mana jinƙai da shi. Kakanninmu sun binne 'ya'ya da yawa saboda agana. Ta wurin lamba aka kawar da ita daga duniya, aka yi shela a 1980.

Saboda haka a tafasa ruwan sha da madarar shanu, a rufe abinci, ɗumame kuwa ya yi zafi har ciki. A wanke hannu da sabulu kafin a ciyar da yaro. Kadan fuskarsa ta kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya yi jijjiga, ko ya ƙi mama sarai, ku yi addu'a a kan hanya, ku kai shi asibiti a ranar nan.